Ranar da Katafila Ta Hau Dutsen Kuyizhi

Christiana ta ture hannun mai gadin ta shige cikin otal ɗin, takalminta na roba yana barin jar ƙasa a kan tayil.

"Madam! Ina za ki shiga? Oga yana mitin!"

"Ogan naka ni na goya shi," ta ce, ko waiwaye ba ta yi ba.

Tun da safe take kan hanya. Daga ƙauyensu, Kuyizhi, ta taka har bakin titin Karu, ta shiga bas zuwa Garki, inda aka ce ƙanenta Godfrey ya sauka. Ko ruwa ba ta kurɓa ba. Da idonta ta ga katafila ta hau dutsen da ke bayan gari, ta tuge itacen ɗorawa, ta tsaya dab da duwatsun da aka jera a kan kabarin mahaifiyarsu.

A kan wannan dutse Godfrey Yamusa ya yi suna. Da ya dawo daga makarantar lauyoyi ta Legas, ɗaki ɗaya ya kama a Karu, da tebur da benci. Lokacin ana ta gina sabon babban birni, kowane ɗan kwangila tsakuwa yake nema. Kamfanin Alhaji Ɗangoggo ya ƙyalla ido a kan dutsen Kuyizhi, inda mutanen garin suke binne matattunsu tun kaka da kakanni. Godfrey ya saka baƙar rigarsa ya kai su kotu. Shekara da shekaru yana jan shari'ar, katafila ba ta taɓa matsowa ba. Saboda haka da aka buga gangar siyasa, a watan da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta tare a Abuja, ƙauyukan yankin suka yi layi a bayan hotonsa, suka tura shi majalisar jiha a Jos, babban birnin jiharsu a lokacin. Christiana ce ta farko a layin.

Ta same shi a wani ɗaki mai sanyi, sanye da farar babbar riga da bai saba da ita ba, yana ta gyara ta a kafaɗa. Kusa da shi Alhaji Ɗangoggo ne zaune da kofin shayi.

Godfrey ya miƙe. "Yaya? Lafiya?"

"A'a, yayar Honarabul ce? Sannu da zuwa, ga wuri," in ji Alhaji.

Ba ta dube shi ba. Da Hausa ta yi magana, ba da yarensu ba, don tana so baƙon ya ji.

"Godfrey, wa ya janye ƙarar?"

Alhaji ya ajiye kofi, ya ce zai je ya yi salla, ya fice.

"Zauna, Yaya."

"Ban zo zama ba. Wa ya janye ta?"

"Ni ne."

Ta zaci zai yi ƙarya, har ta tanadi abin da za ta faɗa masa in ya yi. Da ya amsa kai tsaye sai ta matso gabansa.

"Kai ne! Ko kunya! Ka tsaya a gindin ɗorawar nan ka ce sai dai katafila ta bi ta kanka. Tsofaffi suka yi kuka, suka shi maka albarka. Yau ta zo, ina kan naka? Ga shi nan cikin hula, ana hura masa sanyi!"

"Ki saurare ni."

"Na saurare ka tun kana da wando ɗaya! Itacen da na ɗauka a kafaɗar nan don ka yi boko, da a wuri ɗaya na tara shi da ya fi otal ɗin nan tsawo. Mama ta mutu tana cewa Godfrey zai tsare mu. Ashe ita ce ba za ka tsare ba."

Ya cire hular ya jefar a kan kujera. Shi ma muryarsa ta tashi.

"Shari'ar ta riga ta mutu, Yaya! Jan ta kawai nake yi. Kafin a gama watan nan za a yanke hukunci, kuma na san mun faɗi. Birni guda ake ginawa, kina tsammani za a dakata saboda mu? Da na bari an yanke, dutsen za su ɗauka, ko sannu ba za su ce mana ba. Na ce kafin ya tafi a banza, gara in karɓo wani abu. Kamfani zai gina asibiti a Kuyizhi, jiha ta ba da likita da ungozoma. Abin da muke ƙullawa ke nan."

"Da wa ka yi shawara?"

Ya kawar da kai gefe.

"Na ce da wa ka yi shawara? Da kana lauya, kafin ka buɗe baki a kotu sai ka zauna a kan tabarma ka tambaye mu. Yanzu ka zama Honarabul, kai ne mu, kai ne dutsen, kai ne matattun."

"Da na tambaya za ku ce a'a."

"To ai da ka bari mun ce!"

Ya goge fuskarsa da hannun riga. A hankali ya ce, "Da akwai asibitin nan bara, da Juliet tana nan."

Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Ƙarar marin ta cika ɗakin. Juliet 'yarta ce ta fari, wadda naƙuda ta zo mata da gardama, ta cika a bayan motar doya kafin a kai ta Keffi.

"Kada ka ƙara saka sunan 'yata a cinikinka."

Bai taɓa kuncin ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa kamar yadda yake yi yana yaro. Ita kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san ba ƙarya ya yi ba.

"Dattawa sun roƙi direban katafila, ya ce zai jira zuwa gobe da yamma," ta ce. "Kowa zai kwashe matattunsa. Kai ne ɗa namiji. Ka zo ka tone uwarka."

Ya ɗago kai, idonsa ya yi ja. "Gobe ake kawo maganar likitan a zauren majalisa. Ni na gabatar da ita. In ba na nan, wani zai karkatar da ita zuwa garinsu." Ya ɗauki makullin mota daga tebur. "Amma ki ce in zo. Wallahi yanzu sai mu tafi."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana so ta ga babbar rigar nan cikin rami, ta ga ƙasa a farcensa, ta ga yadda zai dubi tsofaffin da ya yaudara. Bakinta har ya buɗe. Sai ta tuna matan garin da ta bari da safe a bakin rijiya, da yawansu da tsohon ciki.

"Ajiye makullin," ta ce. "Ka tafi Jos. Ka sayar, to ka je ka karɓo abin da ka sayar a kansa. Ni zan tone ta. Amma in ka dawo ba likita, kada ƙafarka ta taka Kuyizhi, ko gawata aka ce ka zo ka gani."

"Bari direba ya kai ki gida."

"Ƙafar da ta kawo ni tana nan."

Ba ta wuce tasha kai tsaye ba. Ta biya kasuwar Wuse, ta shiga layin masu atamfa, ta tsaya a rumfar wani dattijo Bakano. Ya sauko mata da masu sauƙi, ta ture su. Ta nuna wata shuɗiya mai zanen ganye can sama, mai kauri, irin wadda ita kanta ba ta taɓa ɗaurawa ba.

"Kin iya zaɓe," in ji dattijon, yana naɗewa. "Biki za a yi?"

"Ta mahaifiyata ce. Za ta tashi daga inda take."

"Masha Allah, sabon gida! Allah ya sa ta kashe lafiya."

Christiana ta karɓi turmin, ta ɗora shi a kafaɗa.

"Amin," ta ce, ta nufi tashar da ake kiran masu zuwa Karu.