Akwati Na Shida A Takardar Ilyas

Wata takwas Ilyas ya yi a ramukan zinariya na Jado, ya dawo Agadas da hutun mako guda da kuma sabon ilimin tarbiyya da ya tsinta a salula. Asiya, matarsa, tana wanke-wanke ta ga ya baje farar takarda a tabarma, ya jera kireyon kala-kala, wato fensiran zane, kamar mai shirin zana taswirar ƙasa.

"Wannan kuma fa, Baban Husna?"

"Programme ne na safe. Yaro sai da tsari. Za ki gani, Husna ba za ta ƙara makara lakwal ba."

Husna dai, ƴarsu mai shekara biyar, ba ta taɓa makara zuwa makaranta ba. Asiya ta taɓe baki ta ci gaba da cuɗa tukunya. Mutumin da bai san ƙofar ajin ƴarsa ba, yau shi ne malamin safiya!

Akwati shida ya zana. Ga yarinya tana tashi, rana ta fito tana murmushi, alhali Husna tun asuba take biye da uwarta. Ga ta gaban pampo ruwa na zuba shaa, pampon da duk makwabtansu a unguwar Dagmanet sun san rabonsa da ɗigo tun kafin azumi. Ga ta da burodi da shayi, ita da in ba koko ba ko kallon kwano ba ta yi. Har haƙoran gaba ya yi mata reras, bai lura sun fita ba.

A na shida ya fi ɓata lokaci. Ya zana kansa a kan motonsa, wato babur, da rawani da faɗin kafaɗa wanda Allah bai ba shi ba, Husna a baya ta rungume shi, zai kai ta lakwal.

Nan dariyar Asiya ta tsaya.

"Ranar Alhamis fa za ka koma. Cire wannan."

"Ke ba ki san pédagogie ba," in ji shi, wai ilimin tarbiyya ke nan da Faransanci, ya manna takardar a bango.

Abin haushin, yarinyar ta ɗauki abin da gaske. Kwana uku tana dangwala yatsa a kowane akwati. Ta tsaya gaban busasshen pampo a zuba mata ruwan bido, wato jarka, ta haɗiye shayi tana yamutsa fuska, duk don ta kai na shida. Ilyas kuwa sai hura hanci yake.

Ranar Alhamis, ana idar da sallar asuba, motar Jado ta ɗauke shi. Bai tashi Husna ba, wai kada ta yi kuka.

Husna ta yi na ɗaya har na biyar, ta goya jakarta, ta tsaya bakin ƙofa inda moton yake jingine an lulluɓe shi da buhu.

"Zo mu tafi da ƙafa," in ji Asiya.

"Saura na shida, Inna."

Rana ta ɗaga, yaran unguwa duk suka wuce. Ran Asiya ya ɓaci, da mijin da takardarsa da salularsa gaba ɗaya. Ta nufi bango, ta kama gefen akwati na shida za ta yage.

Husna ta rugo ta riƙe mata hannu.

"Kar ki yage, Inna. Wannan Baban ba ya zuwa Jado."