Layin da Ciyawa Ba Ta Cinye Ba

Maganar daga shagon shayin gindin gada ta fito: wai ƙasar tsohon layin dogo na Kitulhena guba ce zalla. Turawa ne suka zuba, in ji masu faɗa, don kada ciyawa ta dami jirginsu, kuma har yau tana aiki. Hujjarsu a fili take. Shekara talatin da takwas ke nan da kwashe ƙarafan layin, a garin da in ka jingine tsintsiya a bango mako biyu sai ka tarar ganye ya naɗe ta, amma ga hanyar nan fes, mil huɗu har Waragama, kamar jiya aka share.

Malama Somalata ta koyar da kimiyya shekara talatin kafin ta ajiye alli, kuma rabin masu yaɗa zancen ta taɓa ja musu kunne. Da ba za ta kula ba. To amma mutanen gari sun shafe wata bakwai suna gyaran tsohuwar tasha, sun sake rufi, sun tono bencinan katako daga ƙarƙashin kashin jemagu. Niyyar ita ce a zuba tsakuwa a layin ya zama hanyar keke, 'yan mata su riƙa bi zuwa sakandaren Waragama, su rabu da titin da motocin katako ke tsere a kai. Yanzu iyaye mata sun ce babu 'yar da za ta je ta shaƙi ƙurar guba. Ranar Lahadi za a zauna a yanke: a yi hanyar ko a fasa.

"Malama, kowa fa ya san da gubar nan," in ji Gunadasa, shugaban kwamitin gyara, yana goge fenti a hannu.

"Kowa ma ya san ka ci jarrabawar aji uku, Guna. Ni na duba takardar."

"Haba Malama, a gaban mutane?"

Ta ɗebo ƙasa daga wuri shida a kan layin, ta zuba a gwangwanayen madara, ta cika na bakwai da ƙasar lambunta, ta shuka wake. Kwana biyar duka suka tsiro. Na layin har sun fi nata tsayi, abin da ya ɗan ɓata mata rai.

Guba dai babu. Amma sai tambayar ta ƙara girma: me ya hana daji rufe hanyar? Ranar Asabar da hantsi ta shafa sabulu da gishiri a ƙafa saboda matsattsaku, ta ɗauki lema, ta kama layin.

Rabonta da bin sa tun tana budurwa. Ba ta yi nisa ba ta sunkuya: ga kututturen wani tsiro, an sare shi daidai da ƙasa, ƙaron ma bai bushe ba. Can gaba ta ji ƙarar ruwa a ƙarƙashinta, ta leƙa. Kwalbati ce ta dutse, bakinta tas babu ko ganye ɗaya, ruwan tsauni na wucewa ta ciki da ƙarfin da ta ji har a tafin ƙafa. A jikin dutsen an rubuta kwanan wata da alli. Na yau ne. Kwalbati ta biyu haka, ta uku haka. A ta huɗu ta tsaya ta dubi gangare, sai ga rufin gidajen gari jere a gindin tudun layin, har da nata, da shanyarta a igiya. Shekara sittin da tara tana kwana a ƙarƙashin wannan ruwa, ba ta taɓa tambayar inda yake bi ba.

A dutsen mil na biyu ta tarar da tsofaffi biyu zaune, suna kurɓar shayi suna gatsar mazarƙwaila. Ɗaya ta san shi: Appuhami, wanda kullum yake wuce ƙofarta da damin ciyawar awaki a ka. Ɗayan Welayudam ne, daga gidajen ma'aikatan gonar shayi na ɓangaren Waragama. Adda da doguwar guduma na gefen kowannensu.

"Ranki ya daɗe, ɓata kika yi?" in ji Appuhami, yana ƙoƙarin miƙewa.

"Zauna. Wa yake rubuta kwanan wata a kwalbati?"

"Na wannan ɓangaren ni ne. Na can kuwa wannan kurman ne, shi ya sa rubutun ya karkace."

"Na ji ka, tsohon banza," in ji Welayudam. "Malama, tambaye shi wa ya makara yau."

"Akuya ce ta haihu."

"Akuyar nan taka sau nawa take haihuwa a shekara?"

Suka yi dariya, sannan kowa ya ciro wani ɗan faifan tagulla mai lamba daga ƙugu, suka yi musaya. Haka aikin masu sintirin layi yake tun zamanin jirgi, in ji Appuhami: kowa ya taso daga tasharsa, ya bi gefe ɗaya a tahowa, ɗaya gefen a komawa, a haɗu a tsakiya a sauya faifai, shaidar cewa ba wanda ya yi ƙwange. Tagullar ta sha hannu har lambar ta kusa shafewa.

"Amma an rufe layin," in ji Malama Somalata. "An sallame ku."

"Takardar ta ce jirgi ya daina zuwa, ranki ya daɗe. Ba ta ce ruwa ya daina ba. Kwalbati ɗaya ta toshe da damina, tudun nan kan gari zai sauka," in ji Appuhami.

"Kuma ba ku gaya wa kowa ba?"

Welayudam ya dube ta da mamaki. "Ai kowa na ganin mu."

Sai ta samu gefen dutsen ta zauna, ta karɓi shayin da aka miƙo mata.

Ranar Lahadi ta jera gwangwanayenta bakwai a kan teburin sayar da tikiti, ta zaunar da tsofaffin a bencin gaba. Kusumawati, wadda ta fi kowa ƙin hanyar, ta daɗe tana kallon ƙafafun Appuhami, waɗanda ba su san takalmi ba.

"Baba, kullum da su kake taka layin?"

"Ba ni da wasu, 'yar nan."

Ita ta fara ɗaga hannu a yi hanyar, sauran suka bi. Gunadasa ya buɗe littafin taro ya ce, "Malama, maganar guba fa, me zan rubuta?"

"Rubuta, kuma ka gyara hannunka. Babu guba a layin Kitulhena. Appuhami da Welayudam ne suke share shi kowace safiya, shekara talatin da takwas."