Kujerar Ranka-ya-daɗe

"Ku bi a hankali, ba bencin tasha ba ne!" in ji tsohon daga kan gado, ni da 'yarsa muna jan kujerar zuwa kusa da shi. Numfashi da ƙyar, amma faɗan na nan daram.

Ranka-ya-daɗe muke kiransa a gidan hayarmu, rabi tsokana, rabi tausayi. Sarauta ya gada kaka da kakanni. Yana saurayi aka yi dokar da ta soke sarautun gado, gidansu ya koma ofishin gwamnati. Kujerar nan kaɗai ya tsira da ita, ita ma bulo ke tokare da ƙafarta ɗaya. A zuriyarsu namiji kaɗai ke hawanta, kuma sai mai ita ya zaunar da shi da bakinsa. Shi kuwa 'ya ɗaya Allah ya ba shi, tela ce, kekenta ke ciyar da shi. Kullum sai ta goge kujerar, ba ta taɓa ɗosana mata jiki ba. Abin na ci mini rai, ban ɓoye ba.

Ɗan ƙanensa yake jira, wani direban babbar mota.

"Kin same shi a waya?"

"Na same shi, Baba."

"Yana hanya?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce hukuma ma ba ta san da sarautar ba. Wai ina zai kai kujera."

Tsohon ya juya fuska bango. Na ɗauka barci ne ya kwashe shi, har na fara laluben takalmina. Can ya juyo, ya daɗe yana kallon yatsunta da allura ta cinye.

"Ke. Zauna."

"A ina, Baba?"

"Kurma kika zama? Zauna na ce."

Ta dube ni. "Iya, dubi rigata, duk zare. Bari in sauya."

"Zauna haka, 'yar nan!" na ce. Ina, ta riga ta fice.

Kafin ta dawo ya cika. Ni na rufe masa ido, ina kuka ina jin haushinsu su duka biyun.

Ta shigo cikin rigarta mai kyau, ta tsaya turus. Sai ta durƙusa ta gyara bulon da ya goce, ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da ƙafar kujerar.