Santimita Ɗaya da Rabi

A ɗakin zane na 'yan aji huɗu, sashen zanen gine-gine, ba a kiran sunan Gendis sai an haɗa da na Ratri. Shekara uku teburansu na manne da juna, a lungun da iskar fanka ba ta kaiwa. Kwalbar gam ɗaya suke matsawa, ƙunshin shinkafa ɗaya suke buɗewa da cokali biyu. In Gendis ta yanke yatsa wajen yankan kwali, a jakar Ratri ake samun filasta. Har tsokanarsu ake yi, wai ranar yaye ɗalibai takardar shaida ɗaya za a ba su, su yaga ta biyu.

A zangon nan malaminsu, Pak Suwondo, ya kawo musu aikin da ba na wasa ba. Wata unguwa ta bakin teku a nan birnin Semarang za ta sake gina rumfar masu bandar kifi, kuma zanen ɗalibin da ya yi fice shi za a gina. A wurin sauran 'yan ajin, aikin makaranta ne da za a ci maki. A wurin Gendis kuwa zancen uwarta ne. Shekara ashirin da biyu uwar tata, Bu Sumini, tana tsaye a wannan rumfa, hayaƙin ɓawon kwakwa yana cin ƙirjinta, ruwan teku kuma duk sa'ad da ya cika sai ya shigo ya kai mata idon sawu. Faso ya gama da dugaduganta. Gendis ta ci alwashin ita da hannunta za ta fitar da ƙafafun nan daga ruwa.

Ɗakin yana da al'adarsa. Duk ajin ke haɗa hannu su ƙera unguwar da kwali a kan babban katako, gida-gida, layi-layi, su bar gurbi a inda ginin zai zauna. Ranar gabatarwa kowa zai zo da samfurin gininsa ya zura a gurbin, sannan ya yi bayani. Dokar Pak Suwondo ɗaya ce, kuma ya fi shekara goma bai sassauta ta ba: wanda samfurinsa bai shiga gurbi ba, ba ya buɗe baki. Shugabar aikin haɗa unguwar a bana Ratri ce.

Saura kwana goma sha biyu a yi gabatarwa tari ya kwantar da Bu Sumini, aka ba ta gado a asibiti. Gendis ta kwashe kwalayenta ta koma gidan goggonta da ke kusa da asibitin.

“Tri, ke ce idona da kunnena,” ta ce wa Ratri. “Duk abin da Pak ya faɗa ki sanar da ni.”

“Ji ta da Allah. Sai kin roƙe ni? Tafi ki kula da Mama, sarkin fargaba.”

Sau biyu Ratri ta zo dubiya, da ayaba da lemo. Zuwanta na biyu ma ta zauna a barandar goggo har la'asar, tana danne rular ƙarfe Gendis tana yanka. Ta ɗaga rufin ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ce wannan kam ya gama da kowa, saura su je su sayar da gyaɗa. Suka yi ta dariya.

Ranar gabatarwa Gendis ta iso a bayan babur, rungume da samfurin kamar jinjiri. Alƙalai uku ne: Pak Suwondo, da wata ƙwararriya da aka gayyato daga gari, da mai unguwa. Gendis ce ta bakwai a layi. Ta ɗauki samfurin, ta saita kusurwa da kusurwa, ta sauke. Gefen hagu ya zauna, gefen dama ya hau kan titi. Ta ɗaga ta juya, ko ta kuskure fuska ne. Ta sake saukewa. Ya ƙi.

Ta danna kaɗan, sai wani ɗan gidan kwali na maƙwabta ya lotse.

“Kar ki rushe wa mutane gida,” in ji Pak Suwondo. Ya zaro rula ya gwada. “Santimita ɗaya da rabi. A ƙasa mita uku ke nan. Ba ki da labarin za a faɗaɗa titin, an rage filin? Kwana goma da na sanar a ɗakin nan.”

“Pak, ina asibiti ne. Mahaifiyata...”

“Allah ya ba ta lafiya. Amma hukuma ba za ta matsar da titi don ana jinya ba. Na gaba.”

Ta gaba Ratri ce. Nata ya faɗa gurbin daram, ko ƙara bai yi ba. Gendis na tsaye a bayan ɗaki da samfurinta a hannu, kunnuwanta na zafi, tana jin Ratri tana bayani da muryar nan tata mai sanyi. Zanen yana da kyau, ba a ƙi ta nan ba. Da azahar aka sanar cewa shi za a gina.

Har zuwa lokacin Gendis kanta take zargi, wai ita ce ba ta tambaya ba. Sai da wani ɗan ajinsu, Galang, mai bakin da ba ya riƙe magana, ya same ta a bakin famfo tana kankare gam daga yatsunta.

“Ndis, wai me ya hau kanki? An gaya miki an rage fili, kika yi kunnen ƙashi?”

“Wa ya gaya mini?”

“Ratri mana. Ranar da Pak ya faɗa, har na ɗauki waya zan kira ki, ta ce in bari, ai gobe za ta je wurinki.” Ya dubi fuskarta, sai ya sosa ƙeya. “Af. Ni bari in je in ci abinci.”

Goben da Galang ya faɗa ita ce ranar baranda, ranar da Ratri ta danne mata rula. Wato da hannunta ta riƙe ƙarfen, tana kallo ana yanka faɗin da ta san ba zai shiga ba. Ba faɗuwar ce ta fi ƙona Gendis ba, dariyar da suka yi tare ce.

Ta sami Ratri a teburinsu tana naɗe takardu.

“Kin sani.”

“Ndis, wallahi mantawa na yi, abubuwa sun yi mini yawa...”

“Kar ki sa Allah a ciki. Dube ni ki sake faɗa.”

Ratri ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana murza roba a jikin naɗin takardar. “Na zo da niyyar faɗa miki,” ta ce. “Sai na ga rufin nan. Shekara uku, Ndis. Duk gabatarwa ke ake tafa wa, ni a ce mini ‘ƙawar Gendis, ke ma kin yi ƙoƙari.’ Na ce sau ɗaya dai. Ke gaba za ki samu wasu da yawa.”

“Uwa nawa gare ni, da zan samu wasu da yawa?”

Ratri ta fara hawaye. Gendis ba ta jira ta ga ƙarshensu ba. Ta ja teburinta, ƙafafunsa na kuka a kan siminti, har ɗaya bangon ɗakin, kowa na kallo.

Ba ta gaya wa uwarta ba. Me za ta ce wa matar da ta fito asibiti jiya-jiya, wadda take ware wa Ratri kan kifi mafi girma duk zuwanta? Ta ce kawai nata bai ci ba, na Ratri ya ci. Bu Sumini ta yi hamdala, ta ce ai duk gida ne.

Bayan sati uku Ratri ta zo unguwar da takardun ginin, don matan rumfa su gani kafin a fara haƙa. Aka shimfiɗa su a kan teburin jera kifi. Gendis ta so ta zauna a gida, uwarta ta hana. Ta tsaya daga nesa ta harɗe hannu, amma idon mai zane ba ya jin magana. Ya sauka kan lambar tsayin daɓe, ya tsaya a nan. Ratri ta ɗaga daɓen santimita talatin, daidai da abin da takardun ofis suka ce ruwa na kaiwa. Takardun tsofaffi ne. Ƙasar unguwar nutsewa take yi kowace shekara, duk wanda ya tashi a nan ya san haka. Kafin shekara uku ruwa zai dawo inda ya saba.

In Gendis ta bar shi a haka, rumfar za ta cika da ruwa, kowa ya san wadda ta zana ta, sunan Ratri ya ɓaci tun kafin ya tashi. Wallahi ta so hakan, ta so shi har cikin ranta.

“Nduk, 'yata,” uwarta ta kira ta, “matso ki duba wa 'yar'uwarki mana. Ni waɗannan layukan ba na gane su. Tambayata ɗaya ce: zan daina tsayuwa a ruwa?”

Ratri ta dubi Gendis, fuskarta ta yi tsuru-tsuru. Gendis ta dubi ƙafafun uwarta a cikin silifas ɗin roba, jiƙaƙƙu tun safe.

Ta matso ta zare fensirin daga hannun Ratri. Ta soke talatin ta rubuta saba'in, ta ja layin gangare inda amalanken kifi zai hau, ta matsar da bakin magudana. Minti biyar ta ba da abin da ta yi wata uku tana nema, a kan takardar da ke ɗauke da sunan wata.

“Na gode, Ndis,” Ratri ta ce ƙasa-ƙasa.

“Ba ke na yi wa ba. Kar ki ƙara kirana da wannan sunan.”

Bu Sumini ba ta ji ba, tana can tana naɗe kifi a takarda. Ta miƙo wa Gendis ƙunshin, ta ce ta riƙe wa ƙawarta har bakin titi. Gendis ta karɓa, ta yi gaba, Ratri na binta a baya, har suka kai titi.