Bel ɗin Rijiya

Tasi'u mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye kusa da Makoda. Shi ke shiga ƙasa, wansa Abdulkabir kuma yana sama yana zura masa zoben siminti da wani faffaɗan bel na ɗaga kaya.

Ran Laraba da safe matar Tasi'u, Halimatu Sadiya, ta ga bel ɗin yashe a bayan rumbu. Gefensa duk ya tsattsage, a tsakiya kuma an yi wani ƙaton ƙulli a inda ya fara tsinkewa. Ta kwaso shi ta zube a gaban mijinta yana shan koko.

"Baban Ummi, da wannan za a zura maka siminti a ka?"

"Yaya ne ya ja motar gyaɗa da shi jiya, ta maƙale a laka. Ya ce zai kai mu ƙarshen aikin nan."

"Ya ce! Shi da ke tsaye a sama? In ya tsinke, kan wa zai faɗo?"

"Sadiya, rage murya, yana zaure."

"To ya ji mana!"

Abdulkabir ya leƙo, fuska a murtuke. "Tun kafin a kawo ki gidan nan muke wannan aiki. Kawo bel, rana tana yi."

Ta shiga madafa ta fito da wuƙa, ta take bel ɗin da ƙafa ta hau yanka. Da tauri, sai da gumi ya keto mata, amma ba ta ɗago ba sai da ta raba shi gunduwa-gunduwa. Ta watsa a gabansu.

"Ga shi nan, Yaya. A ƙulla."

Abdulkabir ya yi ƙwafa ya fice. Tasi'u ya miƙe har kofin koko ya kife.

"Kin kunyata ni a gaban wana!"

"Na kunyata ka. Gobe ma zan ƙara."

Ranar ba a yi aiki ba. Tasi'u ya hau babur ya nufi Kano, sai la'asar ya dawo da sabon bel, ya rataye shi a ƙusa cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Ita kuwa ta dangwarar masa da kwanon tuwo ta juya. Abdulkabir kuwa har aka gama rijiyar bai sake amsa gaisuwarta ba.