Kabarin Ilya a Saint-Roumiel

Zuhura ta kutsa cikin jama'ar tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon tana ba da haƙuri da Faransanci, Kawu Nouhou na biye da ita yana haki, hularsa a hannu. Shi dai tun da ya zo Paris bai taɓa gudu don jirgin ƙasa ba, kuma bai ga dalilin da zai fara da furfura a kansa ba.

"Ɗiyata, tsaya ki ji," ya ce da suka kai bakin jirgin. "Wanda ya tafi ya tafi. Addu'a ko daga unguwarmu Goutte d'Or kika yi ta, tana isa."

"Kawu, tone shi za su yi. Ran Litinin."

"To, ke kin san kabarin?"

Ba ta sani ba, kuma abin da ke cin ranta ke nan. Ta faɗa ciki, ƙofa ta rufe, ta bar shi tsaye yana girgiza kai.

Tana goye mahaifinta Ilya ya bar Zinder. Kiwo kaɗai ya iya a duniya, don haka da ya gaji da sharar ofisoshi a Paris, sai ya bi wani manomi ya tsare masa tumaki a Saint-Roumiel, wani ɗan ƙauye can bisa tudu, yamma da Lyon. Wani hunturu labari ya iso gida ta waya cewa Ilya ya rasu, an binne shi can. Ba wanda ya je. A gidansu ba a rubuta suna a kabari, ba a kai masa fure. Aka yi sadaka, aka bar shi da Allah. Ita kanta Zuhura, da ta zo karatu har ta kama aiki a kantin magani, kullum cewa take sai bazara mai zuwa za ta leƙa.

Ashe a ƙasar nan kabarin da ba suna, ba fure, ba mai zuwa, yasasshe ne. Cikin makon nan ta ci karo da sanarwa a wayarta: za a buɗe yasassun kaburbura na tsohuwar maƙabartar Saint-Roumiel, a tara ƙasusuwan a rami guda. Ta kira ofishin da ya fitar da sanarwar. Matar da ta ɗauka ta ce Saint-Roumiel ai ba gari ba ne yanzu, an haɗe shi da maƙwabtansa, kuma ba su ga wani Ilya a takardunsu ba. In ta nuna musu kabarin, za su bar shi. Wadda za ta iya sani ita ce Madam Marcelline, tsohuwar da ta riƙe makullin cocin, tana wani gidan tsofaffi a Lyon.

Wautar da Zuhura ta yi ita ce gaya wa Inna, mahaifiyarta. Tun ranar tsohuwar ta daina cin abinci a Zinder. Magana ɗaya take maimaitawa: "Kada ki bari a cakuɗa shi da mutanen da bai sani ba."

Hadari ya rufe Lyon lokacin da ta sauka. A gidan tsofaffin, ma'aikaciyar da ta raka ta ta gargaɗe ta cewa hankalin Madam Marcelline zuwa yake yana komawa. Suka same ta a kujera bakin taga, 'yar mitsitsiya, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo.

"Madam, daga Paris nake. Maganar Saint-Roumiel ce ta kawo ni."

Idon tsohuwar ya buɗe tar. Da ma abin da take jira ke nan, wani ya ambaci sunan. Ta ce lokacin kakarta coci ba ya ɗaukar mutane ran Lahadi, maza a waje suke tsayawa. Suna da fada, limamin coci, nasu na kansu, da makaranta, da maƙeri. Da bazara mata su hau tudu da shanu su yi ta cuku, maza su zauna ƙasa suna yankan ciyawa. Tudun kuwa fili ne fetal, ba itace ko ɗaya, sai gajeren haki mai jan fure da iska mai yanka kunne. Sai yaƙi ya kwashe samari, masaƙun Lyon suka kwashe 'yan mata. Aka rufe makaranta. Fada ya koma zuwa sau ɗaya a wata, daga baya aka daina aiko shi, aka miƙa mata makulli.

Zuhura na jin kamar ta kama ta ta girgiza. Ina ruwanta da maƙeri? Amma tarbiyya ta hana ta katse babba, sai ta yi ta murɗa bakin gyalenta har tsohuwar ta tsaya shan iska. Nan ta durƙusa gabanta, ta nuna mata tsohon hoton da ke cikin wayarta.

"Wannan mahaifina ne. Makiyayi. Ilya."

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. "Eli," ta ce a hankali. "Tumakinmu ya tsare. Ni na kaɗa masa ƙararrawa."

"Ƙararrawa?"

"In guguwar ƙanƙara ta taso mutum na bisa tudu, ba ya ganin ko hannunsa. Sai a yi ta kaɗa ƙararrawar coci, ya bi sautin ya dawo gida. Haka muka gada. Ranar na kaɗa har tafin hannuna ya sale. Iska ce ta juya, bai ji ba. Da ta lafa aka same shi zaune jikin wani dutse, tumakin sun kewaye shi, su duk da ransu."

Zuhura ba ta taɓa jin yadda ya mutu ba. Amma ba lokacin kuka ba ne.

"Madam, don Allah, wane layi yake a maƙabarta? Kusa da bango? Kusa da ƙofa?"

"Maƙabarta? Ai ba ya ciki, 'yata."

"Ba ya ciki?"

"Fada ya ba shi wuri. Amma wasu Turkawa biyu masu saran itace, su suka wanke shi, suka ce ba za a kwantar da shi tsakanin gicciye ba, kuma fuskarsa sai ta dubi garinku mai tsarki. Mijina ya nemo izini, ya ba da gefen makiyayarmu. Na so a kafa dutse da suna, suka ce mutanenku ba sa so."

Zuhura ta zauna daɓas a ƙasa. Masu tono ba za su kai gare shi ba. Har ta fara dariya, hawaye na zuba.

"To a ina ne? Wa zai nuna mini?"

"Mijina ya sani." Tsohuwar ta gyara bargonta. "Ya rasu. Filin kuma mun sayar, duk ƙauyen sun sayar. Masu katako suka dasa itatuwa, tudun gaba ɗaya. Kafin a kawo ni nan na sa an kai ni, in yi masa sallama. Na yi ta yawo ban gane ba. Layi-layi suke, duk iri ɗaya, ko rana ba ta shiga. Ni da aka haifa a wurin."

"Ki tuna, madam. Wani dutse, wani rafi, ko hanya. Komai ƙanƙantarsa." Ta kama hannuwanta biyu. "Don girman Allah ki tuna."

Madam Marcelline ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Ke ce sabuwar yarinyar da ke kawo miya?"

Zuhura ta sake nuna hoton, ta sake kiran sunan, da Ilya da Eli duka. Tsohuwar ta juya ga taga. Ma'aikaciyar ta dafa kafaɗar Zuhura ta ce ya isa haka.

Tana fita yayyafi ya sauko. Ba ta kai tashar bas ba wayarta ta yi ƙara. Inna ce, kuma ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Zuhura, za su tone shi?"

"A'a, Inna." Ta jingina da bango. "Ba wanda zai taɓa shi. Har abada ba mai kai hannu wurin."

"Alhamdu lillahi! Allah ya yi miki albarka, ɗiyata." Zuhura ta ji tana kiran mutanen gida a kawo mata fura. Sai muryar ta dawo, wasai. "To gobe ki je ki tsaya a kansa, ki gaya masa ke ce. Bai san ki da girma ba."

Zuhura ta ɗaga wayar daga bakinta har numfashinta ya daidaita.

"To, Inna," ta ce.