Ta Kori Zuma daga Kabewa

Bayan ɗakin girki akwai wani ɗan fili, tabarma biyu ba za su shimfiɗu a ciki ba. Maigidan bakanike ne, ya daɗe yana son ya jibge tsofaffin tayoyin da suka cika masa gareji a wurin. Matarsa, uwar 'yan biyu, ta roƙe shi ya bar mata wurin damina ɗaya ta shuka kabewa. Ya ce ya ji, amma in ruwa ya ɗauke babu kabewa, wurin ya zama nasa.

Ta yi wa shukar nan bauta. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk can take juyewa, kashin kaji kuwa har maƙwabta ta je roƙo. Kabewa ta yi yaɗo ta hau katanga, ta yi fure gwanin sha'awa. Sai dai furen da ya buɗe da safe, kafin la'asar ya yanƙwane, washegari yana ƙasa. Da ta sa ido sai ta ga ƙudan zuma na shiga ciki suna fitowa buɗu-buɗu da wani gari.

"To, ga ɓarayin," in ji ta. "Ni da wahala, ku da shan romo."

Ta ɗauko maganin sauro na fesawa. Kullum gari ya waye sai ta bi furen ɗaya bayan ɗaya ta fesa. Zuma ta ɗauke ƙafa, amma faɗuwar fure ba ta tsaya ba. 'Yan ƙananan 'ya'yan da ke fitowa kamar ƙwan kaza ma sai su yi laushi su ruɓe.

Ana haka surukarta ta zo ganin jikoki. Da safe tsohuwa na zaune a tsakar gida tana jan carbi, wari ya bugi hancinta.

"Ke 'yar nan, sauron gidan nan da rana yake cizo?"

"A'a Inna, zuma nake kora. Ita ta hana kabewata zama."

Tsohuwa ta yi salati, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

"Kin kori ungozoma kina zaman jiran haihuwa. Zo nan."

Ta kamo fure ɗaya. "Wannan mai dogon wuya namiji ne. Yini ɗaya Allah ya ba shi, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba zai faɗi. Wannan mai ƙulli a gindi ita ce mace. Garin da kika gani a jikin zuma, daga wancan take ɗauko shi ta kawo wa wannan. In bai iso ba, ɗan ya ruɓe."

Uwar 'yan biyu ta dubi gwangwanin da ke hannunta. Na uku ke nan da ta ƙarar.

"To Inna, in na daina za ta dawo?"

"Ke in aka yi ta fesa miki abu a fuska kullum, gobe za ki koma gidan? Kafin ta huce damina ta wuce. Sai dai ki yi aikin da kanki."

Ta nuna mata yadda za ta tsinko namijin, ta yage ganyen furen, ta goga tsinken a cikin macen a hankali, kuma da sassafe, kafin rana ta rufe shi.

Haka aiki ya ƙaru a kan aiki. Ga wankan 'yan biyu, ga ɗora ruwan zafi, ga shara, ga ta duƙe cikin yaɗo tana ɗaga ganye tana neman mace, ƙaiƙayi na cin hannunta. Wata safiyar a samu mace babu namiji, wata a samu maza biyar babu mace ko ɗaya. Maigida zai fita ya leƙo.

"Yau ma ɗaurin auren ake? A ajiye mini nawa abincin."

"Allah ya ba da sa'a, a dawo lafiya," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. Bayanta kamar an sara.

Da yawa sun ruɓe duk da haka. Biyu ne suka kama, duka ta gefen katanga, suka yi girman kan jariri.

Ranar da iska ta juya, sama ta yi tas, maigida ya turo tayoyi a baro. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kabewar nan biyu.

"Wannan gefen dai babu komai," ya ce.

Ta janye yaɗon da hannunta ta tattara shi jikin katanga don kada a take, shi kuma ya jera tayoyinsa a rabin filin. Da ya tafi ta zauna a kan ɗaya ta miƙe ƙafa, ta ce Alhamdulillahi. Ba ta gama sauke numfashi ba ɗaya daga cikin 'yan biyun ya fasa kuka a ɗaki.